Saman teburin sana'a: wa ya gwada me, kuma yaya ta kaya?

Mai Jaka, Unguwar Sanusi

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa yi nake nema, ba ta waɗanda suka ji a bakin wani ba. Jaka da takalma nake haɗawa a gida, shekara uku ke nan a kan tabarma nake yanka, har bayana ya soma ƙorafi. Ƙanena mai walda ya haɗa mini ƙafafun tebur na ƙarfe, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, saura abin da za a ɗora a sama. Na tambayi mutum uku na samu amsa huɗu. Wani ya ce filawud, wani ya ce HDF, allon nan na garin katako da aka matse da gam, na ukun ya ce in sayi falankin maɗaci in bar wa jikoki, washegari kuma ya dawo ya ce ko dai marin bod, wato filawud mai baƙar fuska da magina ke amfani da shi. Aikina akwai wuƙa, akwai gam, akwai buga maɓalli da guduma. A baranda teburin zai zauna, akwai rufi, amma in hadari ya zo da iska feshi yana shigowa. Wa ya ga me?

Tela, Kawo

Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda kin ambaci feshi, ki cire MDF, ɗan'uwan HDF da bai kai shi tauri ba, daga lissafi tun yanzu. Ni na yi wannan karatun da kuɗina. Teburin yanka na farko da na yi MDF ne, kuma gaskiya ranar da aka kawo shi har hoto na ɗauka, sumul kamar madubi, almakashi yana tafiya ba ya tuntuɓe. Wata biyar lafiya lau. Da watan Agusta ya kama, tagar shagon tana ɗan yoyo, ga yaron shago yana ajiye robar ruwan guga a kusurwa ɗaya kullum. Wannan kusurwar ta kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, in ka taɓa sai gari ya biyo yatsa. Kuma shi in ya kumbura ba ya komawa, ko ka shanya shi a rana sati guda.

Na biyun HDF na sa, mai fuskar roba, aka naɗe bakinsa da tef a inji. Yana nan shekara huɗu, sai dai cikin shago yake, ruwa bai taɓa ganinsa ba. Baranda kam ban ba ki shawara ba.

Mai Sabulu, Rigasa

Ni matsalata daban ce, soda. Sabulun ruwa nake yi, duk banish ɗin da aka shafa sai ta cinye shi, katakon ya yi baƙi-baƙi. Daga ƙarshe tayil aka manna mini a kan filawud. Na huta, amma ke da guduma za ki yi aiki, bugu ɗaya tayil ya tsage. Wata ƙawata gilashi ta ɗora, ita kuma kullum reza tana dakushewa. Kada ki kwaikwaye mu.

Malamin Makaranta, Malali

Bari in ba da nawa labarin, ko da za a yi mini dariya. Uwargida tana aikin duwatsun ado, sarƙa da abin hannu, na ce zan burge ta in haɗa mata tebur da hannuna lokacin dogon hutu. Na ƙi filawud, na ce ni katako na gaske nake so. Na je wajen wani mai katako na zaɓi falanki uku masu faɗin inci 12, ja jawur, masu nauyi. Na tambaye shi ko sun bushe, ya ce tun bara suke nan. Ni kuma nauyin da na ji sai na ɗauka alamar ƙarko ce, ashe rabinsa ruwa na saya.

Aka goge su a inji, na jera, na sa gam, na danna ƙusa ta ko'ina don kada ya motsa. Na shafa banish sau uku a sama, ƙasan kuwa na ce wa zai leƙa. Wannan duk a watan Agusta ne. Har Oktoba ina nuna wa baƙi. Da hunturu ya shigo sosai, wani dare a Janairu muka ji ƙara tau, na fito da tocila ina neman ɓarawo. Falankin tsakiya ne ya tsage daga wajen ƙusa. Kafin Fabrairu tsakanin falanki da falanki ya buɗe har duwatsunta suna zurarewa ƙasa, gefunan kuma suka ɗago, teburin ya zama kamar kwalekwale. In ta ajiye dutse a baki sai ya gangaro tsakiya da kansa. Abin mamaki, da ruwa ya sauka a watan Yuni ramukan suka rage, na yi murna na ce ya warke. Hunturu na dawowa suka sake buɗewa. Yanzu a kicin yake, ana ɗora buhun masara.

Tsohon Kafinta, Panteka

Malam, ba kai kaɗai ba ne, duk shekara sai an kawo mini irin naka gyara bayan hunturu. Laifi uku ka yi, kuma mai katakon ɗaya kawai ya taya ka.

'Yata, ki saurara. Katako ko an sare shi bai daina shan iska ba. Da damina ya sha laima ya buɗe, da hunturu ya saki ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsin, ta tsawo kusan ba ya yi. Mu nan Kaduna muna da duka biyun da ƙarfinsu, ruwa daga Mayu zuwa Oktoba, sannan busasshiyar iskar da ke fasa leɓe. Katakon da aka yanko daga Kudu, inda laima ba ta ƙarewa, in ya iso nan dole ya rame. Shi ya sa mu tsofaffi ba ma taɓa ɗanyen falanki. Mukan jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a bar shi ya ga hunturu guda. Wanda ya shanya a rana don sauri, tsagewa zai samu. In kina son ganewa a kasuwa, ki ɗaga ki ji nauyi, ki dafa ki ji ko da sanyi, ki ƙwanƙwasa. Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa dum yake yi.

Laifi na biyu, Malam ya shafe sama ya bar ƙasa, sai fuska ɗaya tana shan iska ɗayar ba ta sha, dole ya lanƙwashe. Na uku, ya ɗaure shi tam da ƙusa. Abin da zai motsa in ka hana shi, tsagewa yake yi. Ana ɗaure falanki ne da sukuru ta ƙasa, a ɗan faɗaɗa ramin ƙarfen ya samu wurin numfashi.

Game da iri kuwa: maɗaci yana da kyau, yana karɓar goga. Loko, wanda 'yan Kudu ke kira iroko, yana jure ruwa da gara, sai dai ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi, ga tsada. Itacen kawo ya fi su zama wuri ɗaya, bai cika motsi ba, amma nauyi gare shi kuma yana cin bakin zarto. Obece fari ne, ba nauyi, farce ma yana yi masa tabo, balle gudumarki. Malaina da ake shukawa ba laifi in ta bushe, amma ba ta da tauri sosai. Madobiya kuwa kada ma ki tambaya. A shekarun baya aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kowanne za ki saya, ki guji farin gefen nan na kusa da ɓawo, shi ƙwaro ke fara ci. Zuciyar itacen ake nema.

Amma in 'yar cikina ce, ba zan sa ta sayi falanki don wannan aikin ba. Teburin da za a yanka a kai, a zuba gam, a buga, ba teburin falo ba ne. Filawud mai kauri, milimita 18, wanda muke ce wa tiri kwata. An jera ɓawonsa ne wani a tsaye wani a kwance, shi ya sa damina da hunturu ba sa juya shi kamar falanki.

Ɗan Gini, Mando

Baba, da girmanka, ni marin bod zan ce. Shi muke zuba kankaren rufin bene a kai, siminti da ruwa suna kwana a jikinsa, mu ɓanɓare mu sake amfani da shi. Feshin baranda me zai yi masa? Na yi wa mahaifiyata tebur da ragowar wanda muka cire a wani aiki, shekara biyu tana yanka kayan miya da kwaɓin cincin a kai. Kuma gam ba ya kama baƙar fuskar nan, in ya bushe ɓare shi kawai za ki yi.

Tsohon Kafinta, Panteka

Ɗana, gaskiyarka a kan fuskar, amma ka duba bakinsa bayan an yanka. Shi ma filawud ne aka lulluɓe, ƙarfinsa a rigar yake. Mahaifiyarka a kan faranti take yanka, ita wannan wuƙa za ta ja a kai kullum. Duk inda wuƙa ta keta rigar, nan ruwa zai shiga. Sannan na kasuwa yanzu iri-iri ne, wani in ka yanka cikinsa rami ne da guntaye. Ga santsi, leda tana zamewa lokacin da ake son ta tsaya. Ban hana ba, in ta samu mai kyau ta toshe bakin, zai yi.

Uwar Marayu, Kabala

Ni ban sayi komai ba. Da aka rushe tsohon zauren gidanmu, na roƙi ƙofar, ta maɗaci ce tun zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Aka cire ƙusoshi, aka goge da samfefa, aka toshe ramin kuba. A kai nake yanka zannuwan gado. Ba ta taɓa motsi ba, ai ta ga hunturu ya fi arba'in, duk abin da za ta yi ta gama yi. Ku riƙa leƙa wajen masu sayar da tsofaffin ƙofofi. Sai dai a duba ƙananan ramuka kamar na allura, in ana buga ta gari yana zubowa, akwai ƙwaro a ciki, kada ki kai shi gidanki ya ci kujeru.

Ɗan Gini, Mando

Maganin ƙwaro da gara ai baƙin mai ne, a shafa a huta.

Tela, Kawo

Haba ɗan'uwa, a saman teburin da za a ɗora kayan mutane? Wannan na katakon rufi ne. Farar leda ɗaya ta taɓa shi ta tashi daga aiki, ga wari. Kuma ƙafafunta na ƙarfe ne, gara ta ina za ta hau in ba a jingina shi da bango ba?

Mai Jaka, Unguwar Sanusi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Malali, ka yi haƙuri, na yi dariya har yara suka leƙo. Baba, tambaya biyu. Yaya zan gane filawud mai kyau, tunda duk fuskarsu ɗaya a idona? Sannan bugun guduma ba zai lotsa shi ba?

Tsohon Kafinta, Panteka

Kada ki kalli fuska, ki kalli baki. Ki ƙirga layukan, ki ga sun jeru daidai ba rami, ba inda wani ya hau wani. Ki sa a jingina shi ki hango ta gefe ko ya yi ciki. Ki tafi da abin awo, don wani ana ce masa 18 amma bai kai ba. Faifan yana zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8, ke kuma 3 da 6 kike so, saboda haka za a rage miki guda biyu: mai ƙafa 2 da 4, da dogo mai ƙafa 1 da 6. Kada ki bar su a wajen mai inji, kuɗinki ne. Dogon ya zama kanta a ƙarƙashi, ɗayan ki riƙa ɗorawa a sama kina yanka a kai, in ya ci wuƙa ki juya shi.

Ki ce wa ƙanenki ya ƙara ƙarfe biyu a tsakiya, kada tazara ta wuce ƙafa 2, in ba haka ba zai yi ciki. A kewaye bakin da siririn maɗaci, a sa gam da ƙananan ƙusoshi, nan ne ƙofar ruwa. Banish sama da ƙasa da baki, a bari ya bushe a goga a sake, sau uku. Bugu kuwa ba a tsakiyar tebur ake yi ba. Ki nemi guntun ƙirya wajen masu sassaƙa turmi, ki ajiye shi daidai kan ƙafar teburin, ƙarfin ya sauka ƙasa.

Malamin Makaranta, Malali

Baba, ina kake lokacin da nake danna ƙusa? Wancan nawa yana gyaruwa kuwa?

Tsohon Kafinta, Panteka

Yanzu ne ma ya zama katako, Malam. Ka ciro ƙusoshin, a tsaga kowane falanki biyu, a sake gogewa a haɗa. Zai ɗan rage faɗi da kauri. Ka kawo shi a Fabrairu.

Mai Jaka, Unguwar Sanusi

Jama'a na dawo da labari. Na bi maganar Baba, sai wuri ɗaya da na saɓa: banish sau biyu na yi a ƙasan, gwangwanin ya ƙare. Faifai huɗu na sa aka sauke kafin na zaɓa, mai shagon har ya tambaya ko mijina kafinta ne. Ƙirya ban samu ba tukuna, wani tsohon turmin maƙwabciyata da ya fashe na karɓa aka yanko mini gindinsa. An yi ruwa mai iska sau biyu tun da aka kafa shi, na goge da tsumma, ban ga komai ba. Duk da haka ina rufe shi da leda da daddare. Abin da ban yi tunani ba shi ne tsayi: inci 30 ƙanena ya yi, daidai zama, amma in na miƙe yanka sai na sunkuya. Ya ce zai ƙara wa ƙafafun inci 5 ranar Asabar, ni kuma in nemi doguwar kujera.