Wai Carbon ya fi Most Wanted?

Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya na gama wasan tseren mota na Need for Speed Carbon a kwamfutar ƙanena, karo na uku ke nan, kuma yau zan faɗi maganar da na daɗe ina riƙewa a ciki. Carbon ya fi Most Wanted, wasan Need for Speed da ya gabace shi. Ya fi shi tuƙi, ya fi shi gyaran mota, ya fi shi bambance wanda ya iya da wanda bai iya ba. Abin da ya sa kuke ɗora Most Wanted a sama shi ne da shi kuka buɗe ido. Tsohuwar zuma ce kawai.

Yaya Nasiru: Wa alaikumus salam. Auwalu ƙanena, ban yarda ba. Shekara huɗu na yi ina tsaron gidan gem a unguwarmu, talabijin shida, PlayStation 2 shida. In ka cire ƙwallo, babu faifan da ya sha juyi kamar Most Wanted. Da Carbon ya shigo an yi masa rububi na ɗan lokaci, daga baya yara suka dawo suna cewa a sa musu "na 'yan sanda". Su ba ruwansu da wanne ya riga wanne fitowa, wanda ya fi musu daɗi suke biya wa kuɗi.

Auwalu: Yaya, yara hayaniya suke so: jiniya, karo, mota ta wuntsila. Ni tuƙi nake magana. Ka tuna yadda ake karawa da shugaban gungu a Carbon? A kan tsauni ake yi, hanya siririya, gefe guda dutse, ɗaya gefen kwazazzabo. Zagaye biyu ne. A na farko shi ne a gaba, kai kana binsa, iya kusancinka da shi iya makin da kake tarawa. A na biyu kai ne a gaba, shi yana binka yana zaftare makin nan. In ka wuce shi ka riƙe gaba na daƙiƙa 10, ka ci nan take. In ka makara wajen taka birki a kwana ɗaya tak, ka fasa ƙarfen gefen hanya ka faɗa rami, an gama. Ka nuna mini wuri ɗaya a Most Wanted da yake tambayar hannunka irin wannan tambayar. A Rockport, garin Most Wanted, titi faɗi ne da shi, ka danne totur, ka goga bango, ka ci gaba abinka.

Bashir Makanike: A nan kam ina bayan Auwalu. Carbon ya raba motoci gida uku, kuma rabon ba na ado ba ne, a hannu ake jin sa. Tun farko za ka zaɓa tsakanin Mazda RX-8, da Chevrolet Camaro SS, da Alfa Romeo Brera. Camaro ƙarfi gare ta kamar sa, amma ka shiga kwana da gudu bayanta zai zame ya bar ka. Mazda kuwa kwana take so, a miƙaƙƙen titi ne ake barinta. Wanda ya taɓa tuƙa mota mai nauyin gaba ya san ba ƙarya suka yi ba. A Most Wanted akwai bambanci, amma da ka cika mota da kayan inji sai kusan duka su koma abu ɗaya.

Malam Isyaku: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta auna tuƙi, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Ku duba yadda aka gina kowanne. A Most Wanted mutum 15 ne a jerin Blacklist, wato 'yan tseren da 'yan sanda suka fi nema, daga Sonny mai Golf GTI har zuwa Razor da ke saman jerin. Kafin ka fuskanci kowane ɗayansu sai ka cika sharuɗɗa uku: ka ci tsere kaza, ka yi wasu ayyuka na musamman yayin da 'yan sanda ke binka, sannan lada, wato kuɗin da aka sa a kanka, ya kai adadin da ake so. Wato 'yan sanda su ne tsanin da kake hawa, ba yadda za ka yi ka kauce musu. Kuma akwai asara a ciki. An kama ka sau uku da mota ɗaya, an tafi da ita. Shi ya sa mutum zai yi minti 20 yana gudu, ya tara lada mai yawa, hannunsa na zufa, don ya san taya ɗaya ta taka ƙusoshin da suka shimfiɗa komai ya zube. A Carbon 'yan sandan suna nan, amma za ka iya kai ƙarshen labarin ba tare da ka neme su da kanka ba. Sun zama kamar baƙin da ba a gayyata ba, su zo su ɓata maka lokaci su tafi.

Auwalu: Malam, abin da kake yabo shi ne abin da ya gundure ni. Na zo yin tsere, an ce sai na je na yi ta zagaye da 'yan sanda don lamba ta cika.

Mubarak: Yayyena, bari ni ma in ce wani abu, tunda ni maganar tsohuwar zuma ba ta hau kaina ba. Lokacin da suka fito ina goye. A wata ɗaya na buga su duka biyu a laftof, kuma Carbon ma na fara. Gaskiyar Yaya Auwalu ce, daga tsakiyar jerin zuwa sama tara ladan nan yana cin rai. Akwai kuma Earl, na 9, mai Lancer Evolution. Duk nisan da ka ba shi sai ka gan shi a bayanka, ba don ya fi ka ba, don na'urar ce take ƙara masa gudu. Wannan ha'inci ne, ba gwaninta ba. Amma duk da haka Carbon kwana uku na yi na gama shi, na zauna ina jiran sauran, ashe babu saura. Shugabannin da za ka kara da su: Kenji, Angie, Wolf, sai Darius. Mutum huɗu. Most Wanted kuwa ya ɗauke ni makonni, kuma har yau ina iya jero motocin mutanen nan: Supra ta Vic, Cayman ta Baron, Gallardo ta Ming, SLR ta Bull.

Auwalu: Tsawo ba shi ne kyau ba, Mubarak.

Mubarak: Haka ne, Yaya. Amma gajarta ma ba ita ce kyau ba. Na biya kuɗin tuwo ne aka kawo mini loma huɗu masu daɗi.

Hafsat: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ba wanda ya taɓo abin da ya sa ni na kasa ajiye Most Wanted lokacin da muke bugawa a gida da yayyena. Motar nan ce, BMW M3 GTR mai launin azurfa da shuɗi. Wasan yana farawa ne ya ɗanɗana maka ita, ka ji gudunta, sannan Razor ya sa a yi mata zagon ƙasa, baƙin mai ya tsiyaye, inji ya mutu a tsakiyar tsere, ya karɓe ta. Daga nan sai ka koma ƙaramar mota irin su Fiat Punto ko Cobalt, kana kallonsa yana hawa saman jeri da motarka. Ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka san abin da kake nema. Duk tseren da ka ci, mataki ɗaya ne zuwa ga kayanka. Da ka karɓo ta kuma, ga Mia da ke taimaka maka ashe 'yar sanda ce, ga ɗan sanda Cross ya sako maka duk motocin 'yan sandan garin, har ka tsallake tsohuwar gada ka fice. To Carbon me ya yi da wannan wahalar? A mintunan farko ya sa Cross ya biyo ka a kan tsauni, motar ta ragargaje. Abin da na yi makonni ina nema, aka watsar da shi kafin in gyara zama. Wallahi har yau abin yana mini ciwo.

Auwalu: Hafsat, ai wannan ne ya sa na ce Carbon ya fi zurfin labari. Ya nuna maka cewa kafin Rockport kana da tarihi a Palmont, garin Carbon: daren da 'yan sanda suka tarwatsa tsere, jakar kuɗi ta ɓace, kowa ya ɗauka kai ne ka gudu da ita. Darius ya zo da fuskar mai taimako, ya biya Cross ya sake ka, ya sa ka share masa gari, ashe shi ne ya kitsa komai tun farko. Razor mai baki ne kawai. Darius maci amana ne, kuma cin amana ya fi zafi.

Hafsat: Ya fi zafi in ba ka hango shi ba, Yaya Auwalu. Tun ranar da Darius ya fara magana na san ba alheri a tare da shi. Kuma abin da ya ɗauke mini labari ne aka ba ni cewa ya ɗauke. Abin da Razor ya ɗauke, da hannuna na tuƙa shi.

Bashir Makanike: Hajiya Hafsat ta tuna mini. Motar nan ba ƙirƙira ba ce. BMW ta yi tsere da ita da gaske a Amurka a 2001, da inji V8 a maimakon mai silinda shida da ke cikin M3 ta kasuwa. Kukan nan mai kama da fito da kuke ji in tana gudu, daga giyabos yake fitowa, haƙoran giyar a miƙe aka yanka su, ba a karkace ba kamar na motocin gida. Duk wanda ya buga wasan, ko idonsa a rufe ya ji kukan nan ya san ita ce. Audi Le Mans quattro ta Darius kyakkyawa ce, amma ban taɓa jin wani ya ce yana kewar ƙararta ba.

Auwalu: To Bashir, kai da ka fara da goyon bayana?

Bashir Makanike: Har yanzu ina nan a kan tuƙi da gyara. Autosculpt na Carbon ya ba ka dama ka ja bamba ka faɗaɗa ta, ka ɗaga fiffiken baya, ka canza zurfin rim, kaɗan-kaɗan yadda ranka yake so. A Most Wanted sai dai ka zaɓi bodin da aka riga aka ƙera. Kuma Carbon ya dawo da gasar zamiya da Most Wanted ya cire. Sai dai shi ma ya cire tseren miƙe, wanda ake canza giya da hannu, kuma wannan ni ya fi mini amfani.

Yaya Nasiru: Akwai abin da ba ku faɗa ba: duhu. Carbon dare ne daga farko har ƙarshe. A talabijin ɗin da muke da su, masu ƙaton baya, ga hasken rana yana shigowa ta ƙofar shago, yaro ba ya ganin kwana sai ya shige ta. Most Wanted da rana ake yi, kana hango shingen 'yan sanda daga nesa, kana hango gidan mai ko hasumiyar ruwa da za ka buge ta rufto a kan masu binka. Sannan abokan tafiyar nan na Carbon, su Neville da Sal. An ce wani mai tare maka abokin hamayya ne, wani mai nemo gajeriyar hanya, wani kuma ka bi bayansa ya ja ka. Sau nawa na ga mai nemo hanya ya tsaya a gaban yaro a bakin lungu ya toshe shi? Wani lokacin kuma shi zai ci tseren a rubuta maka. Ina gwanintar a nan, Auwalu?

Auwalu: Wannan na karɓa, Yaya. Abokan tafiyar ba su nuna ba. Amma a kan tsauni babu abokin tafiya, kai ne da birkinka.

Malam Isyaku: Kuma dalilin rashin nunar a bayyane yake. Kamfani ɗaya ne ya yi su, EA Black Box da ke Kanada. Underground a 2003, Underground 2 a 2004, Most Wanted a Nuwamban 2005, Carbon a ƙarshen Oktoban 2006. Ko shekara ba a cika ba tsakanin biyun nan, ga shi kuma an kai Carbon kan sababbin na'urori, PlayStation 3 da Wii. A ganina shi ya sa ya zo da dabaru masu kyau da yawa, tsauni, gungu, mallakar unguwanni, amma ba wadda aka dafa ta nuna. Ɗauki mallakar unguwa. Ka ci tsere ka karɓi yanki, can sai a ce wani gungu ya kawo hari, ka koma ka maimaita tseren da ka riga ka ci. Sunan yaƙi ne, amma aikin maimaici ne.

Auwalu: Malam, in maimaici laifi ne, Most Wanted ya fi kowa laifi. Sau 15 kana yin abu ɗaya: tsere, lada, shugaba, tsere, lada, shugaba.

Malam Isyaku: Tsarin ɗaya ne, amma 'yan sandan ba ɗaya ba ne. A mataki na farko motocin sintiri ne da za ka ture da kafaɗa. Da zafin neman da suke maka ya hau sai shinge, sai ƙusoshi, sai jirgi mai saukar ungulu, sai manyan jif da ke tahowa gaba da gaba su yi karo da kai, sai Corvette a mataki na 5. Ba a taɓa yin gudu biyu iri ɗaya ba. Kwanar tsauni kuwa in ka haddace ta, ka haddace ta.

Auwalu: Haddace ta ɗin ai shi ne tuƙi! Direban tsere na gaske hanya yake haddacewa. Abin da kuke so sa'a ce, ni abin da nake so iyawa ce. Kuma ina tambaya, cikinku wa ya ci Darius a kan tsauni da motar Amurka mai nauyi, ba tare da ya canza zuwa mai sauƙin kwana ba?

Mubarak: Ni da Lancer na ci shi, kuma sai a gwaji na tara ko goma.

Hafsat: Ni ban kai wurinsa ba. Na tsaya a Wolf.

Yaya Nasiru: Ni na ci shi, amma ba zan ce da wace mota ba, don na manta. Abin da ban manta ba shi ne gadar nan. Auwalu, ranar Asabar bayan la'asar ka zo gida da kwamfutar. Memorina na PlayStation 2 yana nan a durowa, na'urar ma tana tashi. Kai ka hau tsauni da Charger a gabanmu, ni kuma in ɗauki Cobalt in shiga zafi na 5, mu ga wanda zai fara ajiye hannu. Bashir, ka taho da mai na janareto, kada wuta ta raba mu.

Bashir Makanike: Lita huɗu ta isa?

Yaya Nasiru: Kawo shida. Darius ba ya faɗuwa da wuri.