Ta ina zan kama tarihin 'yan Whig?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aikin rubutu a kan 'yan jam'iyyar Whig ta Ingila a ƙarni na 19, mako uku kacal gare ni. Sunayen sun cakuɗe mini: Grey, Melbourne, Russell, Palmerston, kowa ka taɓa Lord ne. Don Allah da me zan fara?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Ajiye sunayen tukuna, ki kama shekara ɗaya, 1832. A shekarar ce gwamnatin Grey ta yi dokar gyaran zaɓe. Kafin nan akwai kufai irin Old Sarum, tudu ne ba mazauna, amma yana aika wakilai biyu majalisa, alhali Manchester da Birmingham ba su da wakilin kansu ko ɗaya. Dokar ta soke kujerun ƙananan garuruwa 56 ɗungurungum. Ki nemi Perilous Question na Antonia Fraser, yana da daɗin karatu, ba zai gundure ki ba. A ciki za ki ga yadda majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudirin a Oktoban 1831, aka yi tarzoma a Bristol, aka cinna wa fadar Nottingham wuta, har sai da Sarki William IV ya yarda zai naɗa sababbin dattawa in masu taurin kai ba su sauko ba.

Sadiya: Na gode Malam. To ke nan su ne jam'iyyar talakawa?

Dakta Bilkisu: Talakawa a ina, ƙanwata? Manyan masu filaye ne 'yan gado, suna auren juna, har surukin Grey, wato Lord Durham, yana cikin ministocinsa. Sun yi gyaran ne don kada ruwa ya ci su, ganin juyin juya halin da ya faru a Faransa. Sharaɗin da suka sa a birane shi ne sai mai gidan da hayarsa ta kai fam 10 a shekara zai jefa ƙuri'a, ma'aikacin masaƙa kuwa ko oho. In kina son ki ji daga bakinsu, buɗe Hansard, kundin muhawarar majalisarsu, a intanet, kyauta ne, ki karanta jawabin Macaulay, ɗan majalisar Whig kuma marubucin tarihi, na ranar 2 ga Maris, 1831. Abin da yake faɗa wa 'yan uwansa shi ne a gyara don a tsira da abin da ake da shi. Shi kansa kujerar Calne yake kai, wadda ke aljihun Lord Lansdowne.

Auwal Newcastle: Ni dai kullum sai na wuce ta gindin Grey in zan shiga jirgin ƙasa. Dogon ginshiƙi ne a tsakiyar gari, da gunkinsa a sama, tun 1838 aka kafa shi. Zan turo hoto. Shayin nan na Earl Grey ma sunansa ya ci.

Malam Habibu: Auwal, a turo da shayin, hoto ba ya jiƙa maƙoshi.

Dakta Bilkisu: Kafin shayi ya iso. Sadiya, kada ki dogara da Macaulay shi kaɗai, maroƙin gidansu ne mai daɗin baki. Haɗa shi da ɗan ƙaramin littafin Herbert Butterfield na 1931, The Whig Interpretation of History, yini ɗaya ya ishe ki. Sannan ki duba 1834: dokar gidajen gajiyayyu da talakawa suka tsana, da manoman ƙodago shida na Tolpuddle da aka kora zuwa Ostireliya don sun rantse a ƙungiya. Melbourne ne ministan cikin gida lokacin shari'ar Tolpuddle.

Kawu Iliya: A yi musu adalci mana, Dakta. Su ne suka yi dokar 'yanta bayi a 1833.

Dakta Bilkisu: Haka ne Kawu, ba na musu. Amma fam miliyan 20 na diyya iyayengiji aka ba, bayin ko sisi, kuma aka ci gaba da riƙe su da sunan koyon aiki har 1838. Jami'ar UCL tana da shafin da ke nuna wanda ya karɓa da nawa ya karɓa. Russell kuma shi ne Firayim Minista daga 1846, lokacin da yunwar Ireland ta yi ƙamari.

Kawu Iliya: Na ji. To ga tawa shawarar, 'yata. In malaminku zai yarda, ki bi Palmerston, don shi ne ya taɓo mu. Yana ministan harkokin waje aka turo ayarin Richardson da Barth da Overweg, Barth ya shigo Kano a farkon 1851 da sunan Abdulkarim. A ƙarshen shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, aka tsige Sarki Kosoko aka mai da Akitoye kan sarauta. A 1861 da aka karɓe Legas ɗin, Palmerston ne Firayim Minista, Russell ke riƙe da harkokin waje.

Sadiya: Kai, ban taɓa haɗa waɗannan ba! To yaushe jam'iyyar ta mutu?

Malam Habibu: Narkewa ta yi. A Yunin 1859 suka yi taro a Willis's Rooms a Landan, su da mabiyan tsohon Firayim Minista Peel da masu tsattsauran ra'ayi, daga nan ake ƙirga haihuwar jam'iyyar Liberal. Melbourne da Sarauniya Victoria kuwa layi biyu sun isa, kada ki ɓata mako a kansu.

Auwal Newcastle: Yaya Sadiya, akwai Fraser a laburarenmu. In kin faɗa mini babin da kike so, gobe bayan Azahar zan duba miki.

Sadiya: Babin watan Mayun 1832 nake so. Allah ya saka da alheri.