Ɗalibaina na kanikanci sun raina kwas ɗin tsara aikin masana'anta, me zan yi?

Baban Hanifa, Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sashen injiniyan kanikanci na wata babbar makaranta a nan Bauchi, kuma bana aka ɗora mini kwas ɗin tsara aikin masana'anta na 'yan shekara ta huɗu. Yaran nan in ka kai su wokshop ka ajiye musu injin Lister da ya ƙi tashi, sai ka kore su kafin su tafi sallar la'asar. Amma da na fara zana jadawalin Gantt a allo, wato jadawalin da ke nuna lokacin fara kowane aiki da lokacin gama shi, ko na ɗauko lissafin yawan kayan da ya kamata a ajiye a sito, sai hamma ta tashi. Makon jiya wani daga can baya ya ce, "Malam, wannan ai aikin akawu ne, mu ƙarfe muka zo karanta." Aka yi dariya, ni ma na dara, amma abin ya tsaya mini a rai. Takardun da na gada duk misalansu na kamfanin Ford ne a 1913 da Toyota ta Japan, kuma yaron da ya taso a Wunti ko Gwallameji bai taɓa ganin layin haɗa mota ba. Waɗanda suka taɓa koyar da wannan, ko suka yi shi a aikace, ta ina kuka ɓullo masa?

Injiniya Mai Bulo:

Wa alaikumus salam Malam. Ka fitar da su daga aji kawai. Ba sai an nemi motar makaranta ba, gidan bulo ya ishe ka, ga su nan birjik a hanyar Jos da hanyar Ningi. Kowane yaro ya riƙe wayarsa ya buɗe agogon awon daƙiƙa.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake faɗin haka. Wani abokina mai gidan bulo ya kira ni in raka shi Kano sayen inji na biyu, wai odar da yake samu ta fi ƙarfin ɗaya. Na ce ya bar ni in wuni a wurin tukuna. Injinsa yana fitar da bulo biyu mai inci 9 duk daƙiƙa 40, wato 180 a awa. In aka yi awa 8 ya kamata a ga 1,440. Amma littafinsa kullum 800 yake nunawa, ba ƙari ba ragi. Wannan rashin motsin lambar shi ya ba ni shakka, don in laifin lebura ne ko na wuta, da yau ta hau gobe ta sauka. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi sai na ga an kashe inji, yara sun jingine shebur sun koma gindin maina. Na ce lafiya? Suka ce katako ya ƙare. Faifan katakon da ake ɗora ɗanyen bulo a kai guda 400 ne cif, kowane yana ɗaukar biyu, kuma ba a ɗaga bulon sai ya kwana ya yi ƙwari. Ashe ba inji yake buƙata ba, kafinta yake buƙata. Da aka ƙaro katako sai matsalar ta koma wajen masu kwaɓi, daga nan ta koma ruwan ban bulo.

Kada ka faɗa wa ɗaliban amsar. Ka bar su su sha rana su gano da kansu. Wanda ya ce aikin akawu ne, shi za ka ba ƙirgen katakon.

Tsohon Fita, Gombe:

Shekara 26 na yi a ɓangaren gyara na wata masana'antar matse man gyaɗa da na gurya, don haka zan yi magana irin ta tsofaffi. Shawarar Injiniya ta yi, sai dai kada yawon gani da ido ya sa a yar da lissafin. Ido yana gano matsala in aikin ƙarami ne. In ayyuka suka kai ɗari, wannan yana jiran wancan, ido ba ya iyawa.

Akwai shekarar da muka tsayar da injinan matsa don babban gyara, muka yi alkawarin kwana 10. Kowa ya zage, an kwance, an wanke, an yi walda. Ranar ɗaurawa aka nemi boris ɗaya na giyar injin aka rasa, ba wanda ya yi odarsa da wuri. Kwana 9 muna zaune muna kallon gyaɗa a buhu kafin ya iso daga Legas. Da wani ya zauna da fensir ya jera ayyukan, ya ga wanda jinkirinsa ke jawo jinkirin komai, da odar boris ce za ta zama layin farko. Kuma ka gaya wa yaran cewa wannan hanyar lissafin ba a ofishin akawu aka haife ta ba. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da ita a 1957, kuma tsara tsayar da masana'anta don gyara yana cikin abin da aka fara gwada ta a kai. Aikin makanike ne tsantsa.

In ka samu hali ka kai su masana'antar siminti ta Ashaka. Murhun siminti yana gasa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma in za a sake tubalin cikinsa sai an jira ya huce, a gama, sannan a ɗumama shi a hankali. Su tambayi masu aikin yadda suke jera waɗannan kwanakin.

Maman Walid:

Ni ɗalibar irin wannan kwas ɗin ce, yanzu ina riƙe da injin casar shinkafa na gidanmu a Gombe. Ranka ya daɗe, abin da ya sa muke raina shi, lissafin ba ya kama da ƙasar da muke takawa. Ƙa'idar nan ta Harris ta 1913 da ake ba mu don sanin yawan kayan da za a saya lokaci guda, ta ɗauka farashi ba ya motsi kuma kaya suna nan duk sanda ka nema. To wa ya isa ya ce haka a Tudun Hatsi? Farashin shanshera da kaka daban, da bazara daban. Ni da kaka nake cika sito iya kuɗina, abin da nake lissafawa shi ne ɓera da danshi da kuɗin da zai kwanta wata biyar. Sannan wuta: awa nawa za a kawo, awa nawa janareta zai sha dizal, kuma wane aiki ne zan ajiye wa lokacin wuta. Ka koyar da ƙa'idar, amma ka sa su faɗi inda take karyewa. Da damina ma ba inji ke tsayar da ni ba, filin shanya ne.

Ɗan aji huɗu:

A gafarce ni iyayena, ni ɗalibi ne a wata makarantar. Gaskiya mu jarrabawa muke kallo. In tambayar ita ce "kawo ma'anar kaza, lissafo amfaninsa guda biyar", to hadda za mu yi daren jarrabawa ko da an kai mu Japan. In ziyarar tana da maki, za ka ga aiki.

Baban Hanifa, Bauchi:

Na gode ƙwarai, har da kai ɗan aji huɗu, ka taɓa inda yake ciwo. Maki 30 na gwajin cikin zango a hannuna suke, zan ɗora 20 a kan ziyarar. Na raba su rukuni takwas: uku gidan bulo, uku gidan ruwan leda, biyu gidan burodi. Kowane rukuni zai kawo mini awon lokaci na wuni guda, ya nuna inda aikin ke shaƙewa, da abin da zai kashe a buɗe shi. Baba Tsohon Fita, da izininka zan mayar da labarin boris ɗin nan tambayar jarrabawa. In za ka iya tuna jerin ayyukan gyaran da kwanakin da kowane ya ci, ka rubuto mini kafin Alhamis.