Yadda ake gane tsohuwar sifana mai daidaita baki

Baban Ummi: 'Yan uwa, sifana ce mai mariƙin katako, bakinta a kwance kamar kan guduma, tsatsa ta cinye rubutun. Ta yaya za a gane asalinta?

Mai Gareji: Malam, wannan siffar ta Coes ce, ta Worcester a Amurka, wadda Loring Coes ya yi wa rajista a 1841. Amma kamfanoni da yawa sun kwaikwaye ta, don haka sai tambari ya fito. Jiƙa ƙarfen kaɗai cikin kananzir kwana 2, ka goge da buroshin waya mai laushi, ka shafa alli, haruffan za su bayyana. Don Allah kada ka kai ta injin gurza, tambarin zai tafi, darajarta ta bi shi.

Ɗan Maƙera: Haka ne. Mai dunƙulen murzawa a ƙarƙashin baki kuwa, ƙirar Johan Petter Johansson ce ta Suwidin, 1892, wadda aka sani da Bahco. Girgiza muƙamuƙin da ke motsi. In yana rawa sosai, haƙoran da ke riƙe shi sun cinye, wani lokaci saboda an buga ta da guduma.