Na ɗaga wa dattijon ofishinmu murya, ta yaya zan ba shi haƙuri?

Abu Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don tun ranar Alhamis abin nan yake ci mini rai.

Ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikatar jiha. Akwai dattijon da ke kai mana fayil ofis-ofis, Baba muke ce masa dukanmu. Sa'an mahaifina ne, saura masa kaɗan ya cika shekara 35 a aiki ya yi ritaya. Ranar Alhamis muna rufe baucan biyan kuɗi na wata, darakta zai kama hanyar Abuja bayan azahar, sai na ba Baba fayil na ce ya kai masa ya sa hannu kafin ya fita. Shi kuma ya kai ofishin odita. Kafin a gano, darakta ya tafi, alawus ɗin mutane ya tsaya sai ya dawo. Oga ya kira ni ya wanke ni tas. Ina fitowa na ci karo da Baba a bakin ƙofa, a gaban abokan aiki da 'yan bautar ƙasa, na ce masa, "In tsufa ya hana ka aiki, ka koma gida ka huta, ba dole." Da ƙarfi na faɗa, har na ofishin kusa suka leƙo.

Bai mayar mini ba. Ya gyara hularsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya wuce.

A da in na shigo da safe, "ɗana, ya mai jiki?" yake fara ce mini, don ya san mahaifiyata na fama da hawan jini. Yanzu "ranka ya daɗe" kawai yake cewa, yana kallon ƙasa. Wallahi gara ya zage ni.

Abin da ya ɗaure mini kai: kuskuren fayil ɗin nasa ne da gaske. In na je ba shi haƙuri, in ambaci hakan ko in bari? A keɓe zan same shi ko a gaban mutane? Wani abokina ya ce in sa masa dubu biyar a ambulan, magana ta wuce.

Ɗan Fagge:

Wa'alaikumus salam. Kada ka girmama abin fiye da yadda yake, malam. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In an idar da sallar azahar a masallacin ofis, ka ja shi gefe, ka ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da ya faru." Dattijo ne, zai ce ba komai.

Maman Khalil:

Ɗan Fagge, ban yarda da kai ba. Tabbas zai ce ba komai, to me kake so masinja ya ce wa ofisa? "Ba komai" ɗin nan ba shi ne yafiya ba.

Kuma Abu Hanif, don Allah ka manta da zancen ambulan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha ganin likita ya yi wa mai shara tsawa, gobe ya miƙa mata kuɗin mota. Tana karɓa saboda tana buƙata, amma in ka ji abin da take faɗa a ɗakin canja kaya sai jikinka ya yi sanyi. Kuɗin yana nuna mata an yi wa mutuncinta farashi. In kana son yi wa Baba alheri, ka bari sai azumi ko sallah, lokacin da ba za a haɗa shi da wannan ba.

Ba faɗan fayil ne ya yi masa ciwo ba. Wanda ya yi shekara talatin da wani abu a gwamnati ya saba da faɗan aiki. Tsufansa ka goranta masa, a gaban yaran da ya yi jika da su. Wannan za ka ambata da bakinka. Kada ka ce "abin da ya faru" kamar ruwan sama ne ya sauko. Ka ce, "maganar da na faɗa maka."

Tsohon Akawu:

Ɗana, na yi aikin gwamnati har na cika shekara 60 da haihuwa na ajiye, bari in faɗa maka abin da na gani.

Kai da digirinka a matakin albashi na 08 ka fara. Shi wataƙila har ya bar aiki ba zai kai inda ka fara ba. Abin da irinsu suke riƙe da shi a ofis girman furfura ne, shi ka taɓa. Tunda a gaban jama'a ka zubar masa da shi, a gaban jama'a za ka mayar masa. Amma kada ka fara da taro, zai ji kunya, ya ga kamar an tilasta masa. Fara samunsa shi kaɗai da sassafe, kafin ofis ya cika. Ka rusuna ka gaishe shi yadda kake gaida mahaifinka. Ka ce, "Baba, na yi maka rashin kunya ranar Alhamis, ban kyauta ba, ka yafe mini don Allah." Sai ka yi shiru. Kada ka kawo oga, kada ka kawo darakta, kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka. Da zarar ka ce "amma kai ma", ka koma neman wanke kanka.

Bayan nan, in mutanen da suka ji sun hallara, musamman 'yan bautar ƙasan, ka ce a taƙaice, "Maganar da na yi wa Baba kuskure ce, na roƙe shi gafara." Ba sai ka yi jawabi ba. Yaran nan daga gare ku suke koyon yadda ake yi wa na ƙasa magana.

Zancen fayil kuwa, aiki ne, yana da ranarsa. Nan gaba ka riƙa rubuta ofishin da za a kai a 'yar takarda ka maƙala a bangon fayil ɗin, ka kuma faɗa masa da baki. A ranar rufe wata fayil nawa ke hannunsa lokaci guda? Ka taɓa lura?

Ummu Sa'ad:

Ƙari kan maganar Baba Akawu: kada ka jinkirta. Ya tabbata a Bukhari cewa wanda ya zalunci ɗan uwansa a mutuncinsa ko wani abu, ya nemi yafiyarsa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Haƙƙin mutum istigfari kaɗai ba ya sauke shi, sai mai shi ya yafe. Kuma Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba, bai kuma taɓa tuhumarsa don me ya yi kaza ko ya bar kaza ba.

Ka kuma shirya wa cewa ba lallai ya koma kiranka "ɗana" nan take ba. Kada ka matsa masa, kada ka yi fushi a kan hakan. Ka ci gaba da fara gaishe shi kullum.

Abu Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ajiye zancen ambulan. Baba Akawu, na san unguwarsu. Ba zai fi girmamawa ba in je har gida da yamma, in tafi da wani babba?

Tsohon Akawu:

A'a, kada ka je gida tukuna. Mai yiwuwa iyalinsa ba su san an yi ba, zuwanka zai sa ya yi musu bayanin abin da ya ɓoye, ga ɗawainiyar tarbar ofisa. Rakiyar babba kuma sai in ya ƙi sauraronka. Masinjoji kan riga kowa zuwa don buɗe ofis, ka isa ƙarfe bakwai da rabi gobe, za ka same shi shi kaɗai.