Aikin ƙaba na shiga da safe fita da yamma

Jama'a ga abin da na tsinta a hirarmu kan inda za a kai Baba aikin ƙaba. Kusan kowa cewa yake a fara tambaya waye zai bada allurar barci, ƙwararre ne ko likitan da zai yi aikin ne zai haɗa biyu, kuma a ga lasisinsa na MDCN (hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya), ba kunya a nan wallahi. Wata anti nas ta ce ita tayil da fenti basa burge ta, a leƙa a ga janareto da oksijin, kuma in abu ya rikice wane babban asibiti za su miƙa shi, minti nawa ne? Kuɗi kam a rubuto har na cire zare. Sai azumin awa 6 kafin aiki, kar tausayi ya sa a ba shi koko.