Na canja kulochi a gida, yanzu giya ta ƙi shiga

Mai Corolla: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ni da ƙanena muka sauke giyabos ɗin Corolla ta, ƙirar 2005 mai giyar hannu, muka sa sabon faifan kulochi da kaba (mai matse faifan) da rilis biyarin (mai sa kabar ta saki faifan in an taka kulochi). Tun hantsi muna ƙarƙashin mota har aka kira magariba. Yanzu in mota a kashe take, giya na shiga sumul daga ɗaya har biyar. Da na tayar da inji sai ta ƙi, ribas kuwa ƙara yake kamar injin markaɗe. Kulochin ma ya yi laushi a ƙafa, sai ya kusa taɓa ƙasa nake jin ɗan nauyi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka, don wallahi ba na marmarin sake sauke giyabos ɗin nan.

Direban Hiace: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka kwance komai tukuna. Ka tayar da mota, ka yi ta famfa kulochin da ƙafa kamar sau goma da sauri, sannan ka gwada giya ɗaya. In ta shiga, iska ce a layin man kulochin. Ni haka ta faru da ni a hanyar Zariya da fasinja cike, kulochin ƙasa ne yake yoyo, wato ƙaramin silindan man da ke jikin giyabos. Da na ɗaga robar bakinsa sai ga man birki jiƙe sharkaf a ciki. Da famfa na lallaɓa har tasha.

Mai Golf: Allah ya sa iskar ce, don tawa ba ta zo da sauƙi ba. Faifan na juya, na sa gaba a baya. Gefen da cibiyarsa ta fi tudu shi ne ke kallon giyabos, ni kuwa na kifa shi wajen fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke jikin inji, sai ya riƙa gogar kusoshin fulawil ɗin. Taka duk yadda za ka taka, ba ya saki. Abin haushin, da muka sake saukewa sai ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikinsa yana nuna gefen giyabos, da Jamusanci. Kwana biyu na yi ina zagin kayan, ashe ni ne.

Tsohon bakanike: Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Da kuka kwance kulochin ƙasa daga jikin giyabos, kun bar shi yana reto da bututunsa? Akwai wanda ya taka kulochi a lokacin? In an taka babu abin da ke tare fistin ɗin, fitowa yake, mai ya zube, iska ta shige. Sa ƙanenka ya taka, kai ka leƙa ka ga ko sandar kulochin ƙasan tana tura cokalin da ke danna rilis biyarin sosai ko motsi kawai take yi kaɗan. In tana turawa da kyau kuma giya ta ƙi, to matsalar na ciki: ko faifai a juye kamar na mai Golf, ko cokalin ya zame daga kan ƙwallon da yake zama, ko kun lanƙwasa faifan. Wannan na ƙarshen shi na fi gani wajen masu aiki a gida. Babu jak a ƙarƙashin giyabos, sai a bar nauyinsa ya rataya a kan shaf ɗin da ke shiga cibiyar faifan, ko a ja shi da ƙarfin kusoshi alhali bai zauna ba. Faifan da ya lanƙwashe ba ya gyaruwa, sai sabo.

Mai 406: Ni tawa akasin haka ce, giya na shiga amma mota ba ta ja, in na taka totur inji ya yi ta ihu. Giris na lafta a haƙoran shaf, ya fantsama kan faifan. Ɗan shafawa kawai ake yi.

Direban Hiace: In za ka cire iskar, kar ka bari kofin man ya ƙafe, in ba haka ba ka koma gidan jiya. A taka a riƙe, ka buɗe nonon cire iska da ke jikin kulochin ƙasa, ka rufe, sannan a saki.

Mai Corolla: Baba, kamar kana wurin. Na tsare ƙanena da tambaya, ya ce ya shiga ɗauko sifana ya dafa ƙafarsa a kan kulochin, ya ga mai ya tsiyaya, ya mayar da fistin ɗin da hannu ya yi shiru abinsa. Yau da safe muka sayo man birki DOT 3, muka yi ta cire iska har kumfa ta daina fita. Kulochin ya dawo da nauyinsa, ɗaya zuwa biyar duk suna shiga da inji a kunne. Ribas ne kawai yake ɗan yin ƙara in na sa shi da sauri.

Tsohon bakanike: Madalla. Taka ka ƙirga uku, ko ka fara sa giya ɗaya kafin ribas. In bayan mako guda yana nan yana ƙara, ka sake cire iskar, ka kuma duba kulochin sama ta wajen ƙafarka ko kafet ya jiƙe da mai.